Ranar da Na Kife Sarakuna Ukku

Ni fa ba wanda ya koya mani karta. Wannan nake so a fara sani, don in kun ji yadda abin ya ƙare kada ku ɗora laifin a kan wani malami. Da idona na koya, a tashar Kankiya, ina tsaye bayan direbobin manyan motoci ranar kasuwa, kamar mai jiran canji. Sana'ata gyaran keke ce a Kusada, kuma duk ranar kasuwa nakan hau kekena in je Kankiya sayen tayoyi da gam ɗin faci. Sayayyar ba ta ɗaukar wani lokaci. Sauran yinin a bayan direbobin nan yake ƙarewa.

Wasan da suka zo da shi daga Ikko ba irin kartar da muka saba ba ne. Kowa za a ba shi karta ukku a kife. Ka leƙa naka kai kaɗai. In ka ga da dama, ka tura wani abu tsakiyar tabarma. Na kusa da kai ko ya bi ka, ko ya ƙara, ko ya kife kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba. Wanda ya rage shi kaɗai, ko wanda kartarsa ta fi in an buɗe, shi ke kwashewa. Iri ɗaya guda ukku sun fi komi, kuma a yadda muke yi babu abin da ke bisa sarakuna ukku. Amma daɗin wasan ba nan yake ba. Daɗinsa burga. Mutum na riƙe da tarkace, ya haɗe rai ya turo tuli, mai karta ta ƙwarai ya ji tsoro ya kife. Ranar da na fara ganin an yi haka sai da na manta da tayoyina a gindin bedi.

Daga ranar na haukace. In na rufe rumfa sai in shiga zaurenmu in shimfiɗa tabarma, in raba karta wa mutum huɗu, duka huɗun ni ne. Ina zagayawa, in zauna nan in yi burga, in koma can in ji tsoron burgar. Da waken Inna nake yi, har ta fara zargin ɓeraye, ta sa aka kawo kyanwa daga maƙwabta. Na cire madubin wani keke da mai shi bai zo karɓa ba, ina koyon daskarar da fuska. Masu kawo gyara kuwa sun ga ta kansu. Mutum ya ce mani jiya-jiyan nan ya sayi tayar, sai in zuba mashi ido in ga ta ina ƙaryar za ta ɓullo, ta ƙiftawar ido ko ta haɗiyar miyau. Wani dattijo daga Bauranya ya taɓa tambayata ko ciwon ido nake yi.

Shekarun nan ne kuɗin man fetur suka fara zagayowa har wajenmu. Ma'aikata sun samu ƙarin albashi, babura sun cika hanya, duk wanda ya je Kano sai ya dawo da wani abu mai ƙara. Akwai wani Alhaji ɗan kwangila a Kankiya da ya samu aikin kwalbatoci, kuɗi suka yi mashi yawa har ya rasa abin yi da su. Shi ya ce bayan an gama girbi zai haɗa gasar karta a tsohon siton gyaɗa, wanda ya zama kango tun da gyaɗa ta daina yi. Ba mai sa ko kwabo. Kowa za a auna mashi wake da murfin kwalba daidai da na kowa, wanda wakensa ya ƙare ya tashi, wanda ya rage a ƙarshe ya ɗauki rediyo mai kaset, sabo fil a kwalinsa. Mu dai mun ce tunda ba kuɗi, ba caca ba ce. Liman ya ce karta karta ce ko da tsakuwa aka yi ta. Saboda haka kowa ya je, kuma kowa ya ce a gida kasuwa ya tafi.

To ga inda na jawo wa kaina. Akwai yarinyar da nake nema a Dudunni, har manya sun shiga maganar, an kai gaisuwa. Ba abin da take so a duniya kamar shirin gaishe-gaishe na rediyo. Gidansu babu, sai ta ɗauki tsintar wakenta ta je jikin katangar maƙwabta tana saurare. Ranar da na je zance na ga haka, bakina ya riga hankalina.

"Kwana kaɗan ya rage ki daina jingina da katangar mutane," na ce mata. "Rediyo zan kawo maki, mai kaset."

"Da kuɗin faci?"

"Ke dai ki share inda za ki ajiye shi."

"Na share," ta ce. "Tun bara wurin yake a share."

Ban gaya mata ta ina zai fito ba. A raina rediyon ya riga ya zama nawa, ajiya kawai Alhaji yake mani.

Kuma ba banza nake cika baki ba, ina da dabara, ku tsaya ku ji, don har gobe ina nan a kan cewa dabarar nan daidai take. Gasa mai tabarmi da yawa ba kamar zaman tasha ba ce. A tasha in an cinye ka sai ka sake zubawa. Nan kuwa in wakenka ya ƙare ka zama ɗan kallo. Don haka da farko kada ka yi rawar jiki. Zauna kamar baƙon da ba ya jin Hausa, ka yi ta kifewa, ka bar masu zafin kai su cinye juna, kai kuma kana karanta fuskoki. Wa ke shafa gemu in ya samu? Wa ke yawan surutu in ba shi da komi? In mutane suka ragu aka fara haɗe tabarmi, lokacin kowa ya fara jin ƙamshin ƙarshe, tsoro ya shiga, ba mai son ya tashi. To a nan za ka farka. Ka yi ta matsa wa masu ɗan ƙaramin tuli, su ba za su iya bin ka ba sai da babbar karta, kuma babbar karta ba kullum take zuwa ba. Mai tulin da ya fi naka kuwa ka ba shi hanya. Sannan kada ka yi wasa da fushi. Duk wannan ni na gano shi a zaure, ni da sauran ni ukku.

Ranar gasar da hantsi muka taru. Tabarmi sun kai shida, an baje su tsakanin ginshiƙan siton, wasu ma ba ka hango su sai ka zagaya. Rediyon na bisa wani buhu a tsakiya, Alhaji ya kunna shi ƙasa-ƙasa don ya ƙara mana ƙaimi. Mutum na farko da na ci karo da shi taubashina ne, ɗan kawuna, tela a kasuwar Kankiya. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da daɗi ba.

"A'a, bawana, kai ma an sako ka?" ya ce. "Wa ka bar wa famfon?"

"Na bar wa wanda ka bar wa wandunan mutane da ka ɓata."

"Ka ci wakenka tun yanzu, shi ne kawai ribar da za ka koma da ita."

Ba a tabarma ɗaya aka sa mu ba. Ni na faɗa cikin wani malamin makaranta, da mahauci, da wani Bafulatani daga Kaikai da ya kawo shanu kasuwa, da wasu samari biyu masu sababbin agoguna. Komi ya tafi yadda na tsara, har abin ya ba ni tsoro. Samarin suka cinye juna kafin rana ta take. Malamin in ya samu karta sai ya gyara zaman hularsa, in bai samu ba sai ya fara ba mu labarin Kaduna. Mahaucin shi ba ya kifewa ko mi ya riƙe, don a ganinsa kifewa ragwanci ne, sai na jira shi da 'yan goma guda ukku na kwashe shi gaba ɗaya. Bafulatanin ne kawai na kasa karantawa, fuskarsa ɗaya ce ko an ci ko an sha, sai dai da azahar ta yi ya ce shanunsa na jira, ya tura wakensa tsakiya ya tafi.

Bayan sallar azahar aka haɗe mu tabarmi biyu. Na farka kamar yadda na ce. Na yi ta matsa wa masu ƙaramin tuli, suna kifewa suna harara ta. Wake ya taru gabana har wani ya ce ko ƙosai zan buɗe. Ina jin mutane a bayana suna cewa ɗan Kusadan nan fa ya iya. Na daskarar da fuska irin ta madubin keke.

Da la'asar aka ce a koma tabarma ɗaya. Aka kira waɗanda suka rage daga wancan gefen, bayan ginshiƙi. Taubashina ya fito yana washe baki. Wani mai shago ya biyo shi. Na ukkunsu dogo ne, da tawul a wuya irin na direbobi, yana tafe yana kaɗa wakensa a cikin hula.

Yayan yarinyar nan ne. Babban wanta, uwa ɗaya uba ɗaya.

Direban babbar mota ne, ba ya zama gari, shi ya sa ko a mafarki ban sa shi cikin lissafi ba. Iyakar sanin da na yi mashi gaisuwa ce a ƙofar gidansu, ni a durƙushe, takalma a hannu, ido a ƙasa. Kun san dai yadda abin yake. Ƙanen budurwa abokin wasanka ne, ka zage shi ya zage ka. Yayanta kuwa suruki ne. Ba ka kallon idonsa, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka ɗaga murya. In ka hango shi a hanya ma gara ka sake hanya. To ga shi an zaunar da shi daidai gabana, gwiwarsa na kusan taɓa tawa, a wurin da ni na ce kasuwa na tafi, shi ma na tabbata haka ya ce.

Ban san lokacin da na tashi daga zaune na koma durƙuso ba.

"Ina wuni, Yaya."

"Lafiya lau," ya ce, yana kallon ginshiƙi. "Ya mutanen gida?"

"Suna lafiya. An zo lafiya?"

"Lafiya lau."

Ba wanda ya ambaci karta, alhali ga ta ana rabawa tsakaninmu. Taubashina ya dube ni, ya dubi Yaya, ya sake dubana. Na ga lokacin da abin ya faɗo mashi, don sai da ya rufe baki da hannun riga.

Ku duba halin da nake ciki. Duk dabarata a kan fuska take, ga fuskar da ba ni da ikon kallo. Burga kuma ƙarya ce da ake yi da hannu, yaya zan yi wa suruki ƙarya mutane na kallo? In ya turo wake, in bi shi, kamar na ce mashi ban yarda da kai ba ne. In na ƙara, wannan kuma rashin kunya ce tsagwaronta. Sai ya zama duk zagayen da Yaya ya shiga, ni kifewa nake, ko mi na riƙe. Shi ma na lura in na riga shi turawa sai ya yi tari ya kife. Muna ta ba juna hanya kamar masu shiga masallaci. Ga shi kowane rabo sai kowa ya zuba na shiga, kuma a tabarmar ƙarshe Alhaji ya sa an ninka shi. Taubashina ya samu gona. Duk sanda ya ga mu biyun muna ciki sai ya turo, mu kife tare, ya kwashe.

"Ku ci gaba da gaisawa," yake cewa. "Bawana, ba ka tambayi Yaya ya hanya ba."

Sauran suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, muka rage mu ukku. Ƙafafuna sun mutu da durƙuso, ba na ko jin su. Amma ga wani abu da nake alfahari da shi har yanzu. Tunda idona a ƙasa yake, ba abin da nake gani sai ƙafar Yaya, sai na fara karanta ta. Wallahi ƙafa ma tana magana. In yana da karta, yatsunsa a kwance suke lumui. In burga yake, babban yatsan sai ya riƙa danna tabarma kamar yana taka totur. Na gwada a raina, na sake gwadawa, bai saɓa ba. Ban taɓa jin wanda ya gano wannan ba, ko cikin direbobin.

Sai aka raba, na leƙa. Sarki. Na zame ta biyu, sarki. Ta ukku ma sarki.

Tun da na fara karta, har a zaure inda ni ke rabawa, ban taɓa riƙe su ba. Taubashina ya leƙa nasa ya kife. Yaya ya sa hannu biyu ya turo duk waken da ke gabansa. Na saci kallon ƙafar. Yatsan na ta aiki, har tabarmar na motsi.

Rediyon na can yana ta magana a kan buhu. Abin da ya rage kawai in ce na bi. In na faɗa, Yaya ya tashi, tulina ya kamo na taubashina, kuma wannan na san fuskarsa tun muna cin ƙasa, ba zai kai mani magariba ba. Amma a bayan Yaya akwai mutanen Dudunni a tsaye. Gobe za a ce yaron da ke neman ƙanwarsa ne ya tashe shi a gaban jama'a, ya kwashe mashi wake har ƙwayar ƙarshe. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Na haƙura, Yaya." Na kife su a hankali, na tura gefe.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma taubashi ba ya da haram a kanka. Kafin mai rabo ya tattara, ya miƙa hannu ya buɗe kartata a tsakiyar tabarma.

"Jama'a ku zo ku ga sadaki," ya ce.

Dariyar da aka yi har tantabarun da ke rufin siton sai da suka tashi. Alhaji ya riƙe ciki yana cewa a ba shi ruwa. Wani ya ce tunda yake bai taɓa ganin an yi wa sarakuna ukku murabus rana ɗaya ba. Ni ban ɗago ba, amma na ga yatsan Yaya ya tsaya cak. Ashe abin da na yi don in rufa mashi asiri shi ya fi tona shi. Yanzu kowa ya san burga yake, kuma kowa ya san yaro ne ya ji tausayinsa.

"Ni ba a ba ni sadaka," ya ce, ba da ƙarfi ba. Da aka sake rabawa ko leƙa kartarsa bai yi ba, ya ture komi tsakiya, har da abin da na bar mashi. Ni na kife, mi zan yi? Taubashina ya bi shi da 'yan tara guda biyu, ya kwashe. Yaya ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya saɓa tawul ɗinsa ya fita.

Sai a lokacin na zauna sosai, ƙafafuna suna ta tsira mani allurai. Ga fuskar da zan iya kallo ta samu, amma abin da ke gabana bai fi cikin tafi ba, na taubashina kuwa tsibi. Dabarata ta ce in lallaɓa, in jira. Ni kuwa so nake in shaƙe shi. Yana raira mani waƙar angwaye ƙasa-ƙasa, na tura duka da wata banzar karta, bakwai da huɗu da biyu, don kawai in ga ya daina murmushi. Bai ko yi tunani ba ya bi. Ya ɗauki rediyon ya saɓa a kafaɗa, ya ce in ina son jin labarai ƙofar shagonsa a buɗe take ga bayinsa.

Sai da na yi kwanaki ina kewaye-kewaye kafin na iya hawa keke zuwa Dudunni. Na tarar motar Yaya ba ta nan, na gode wa Allah. Ta fito da tabarma ta shimfiɗa mani a ƙofar gida, ta zauna daga gefe, ta dubi bayan kekena inda ake ɗaura kaya. Ba komi sai igiyar roba.

"Ko yana tafe a mota ne?" ta ce.

Na gane labari ya riga ni. Na ce ta tsaya in yi mata bayani, don abin ba yadda mutane ke faɗa ba ne. Na fara tun daga farko, yadda ake lallaɓawa da hantsi, da hular malamin makaranta, da yadda ake matsa wa masu ƙaramin tuli. Na tsinci tsakuwa na jera mata tabarmi shida a ƙasa. Na kai ga yatsan ƙafa, na ga ta kau da kai tana danne dariya, sai na ƙara ƙaimi.

"Mi Yaya ya ce?" na tambaya da na tsaya shan iska.

"Ya ce kana da kunya."

"To kin ji."

"Na ji. Amma ni ba kunya ka ce za ka kawo mani ba."

Na ce ai shekara mai zuwa Alhaji zai sake, kuma yanzu na gano inda dabarar ke da gyara. Kafin a zauna, mutum ya zagaya bayan kowane ginshiƙi ya ga su wa suka zo. Na fara zana mata yadda za a yi zagayen. Ta jawo farantin wakenta ta ci gaba da tsinta.

"Ci gaba, ina ji," ta ce. "Tunda babu rediyon, kai ma ka isa. Shi dai ana iya kashe shi."